BABI NA HUƊU: AMON JITAR AGADAS DA DANGANTAKARSA DA KIƊAN TSIRKIYA NA HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kayan kiɗan tsirkiya da na izga waɗanda Hausawa suka gada, wato garaya da gurmi da molo da kuntigi da goge da kukuma, tare da rukunin jama'ar da ake yi wa kowanne. A wannan babi za a ɗauki kiɗan jita na Abzinawan Agadas da kewaye, wanda Turawa suka laƙaba wa suna buluz ɗin hamada, a auna shi da ma'aunin da ake auna waƙar baka ta Hausa. Dalilin kawo shi cikin wannan nazari shi ne, Agadas gari ne da Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa, kuma kiɗan ya daɗe da shigowa garuruwanmu, tun daga kaset har zuwa wayar hannu. Bahaushen Tudun Wadar Zariya wanda bai san kalma ɗaya ta Tamashek ba yakan ji wannan jita daga wayar wani Ba'abzine mai gadi ko mai sayar da magani, ya tsaya yana kaɗa kai kamar ya san waƙar tun da daɗewa. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, abin da kunnensa ya gane shi ne hannun makaɗin tsirkiya irin na ƙasar nan, wanda aka ɗora bisa kayan kiɗan Bature, kuma wannan hannu shi ne ya ba jitar Agadas amon da ya bambanta ta da sauran.

4.1 Buluz da Yadda Sunan ya Iso Hamada

Buluz kiɗa ne na baƙar fatar Amurka, jikokin bayi, wanda ya bayyana a kudancin ƙasar wajen ƙarshen ƙarni na 19. Ko a can ma ba amo ɗaya gare shi ba, kowane yanki da nasa. A ƙasar fadamar kogin Misisifi, inda ake noman auduga, makaɗa irin su Charley Patton da Son House da Robert Johnson sun yi kiɗan kaɗaita, mutum ɗaya da jitarsa, wani lokaci yana goga wuyan kwalba a kan tsirkiya domin ta yi kuka kamar muryar mutum. Robert Johnson ya rasu a 1938 yana da shekara 27, waƙoƙi 29 kacal ya bari a faifai, amma har yau da su ake koyon wannan salo. Da Muddy Waters ya koma birnin Shikago a 1943 sai ya rungumi jitar lantarki saboda hayaniyar gidajen rawa, aka ƙara ganguna da fiyano, amon ya yi kauri. Zubin da aka fi sani shi ne wanda makaɗi yake zagaya haɗin amo iri uku cikin awo goma sha biyu, ya faɗi layi, ya maimaita shi, sa'an nan ya rufe da layi na uku.

Akwai kuma wani reshe da ya fi shafar wannan nazari. A tuddan arewacin jihar Misisifi, Fred McDowell da R. L. Burnside da Junior Kimbrough ba su cika damuwa da zagayen nan na haɗin amo uku ba. Sukan kama amo guda su zauna a kansa, su yi ta juya ɗan gajeren kari har sai mai sauraro ya shiga wani hali. John Lee Hooker ma da irin wannan zubi ya yi suna a 1948. Duk wanda ya taɓa zama a wurin kiɗan garaya na 'yan bori zai fahimci abin da ake nufi ba tare da dogon bayani ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan kama. Paul Oliver a littafinsa Savannah Syncopators (1970) ya nuna cewa in ana neman tushen buluz a Afirka, to a bar ƙasashen kurmi masu manyan ganguna, a duba ƙasashen sarari inda kayan tsirkiya suka fi yawa. Gerhard Kubik ya faɗaɗa wannan a Africa and the Blues (1999), inda ya sanya arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru da Mali cikin yankin da yake ganin siffofin buluz sun fi kama da nasa: waƙar mutum ɗaya, da jan murya mai lanƙwasa irin wadda zaman Musulunci ya ƙarfafa, da matakan amo biyar. Daga cikin misalan da ya kafa hujja da su har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960.

Amma sunan buluz ɗin hamada bai fito daga bakin masana ba, daga kasuwar faifai ya fito. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali (1939 zuwa 2006) shi ne ya fara ɗaukar wannan laƙabi, musamman bayan faifan Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994, wanda ya ci lambar Grammy. Shi kansa bai taɓa yarda cewa daga Amurka ya koyo ba. Da kayan tsirkiya ɗaya na Songhai ya fara tun yana yaro, kafin ya taɓa jita a shekarun 1950, kuma da ya ji John Lee Hooker cewa ya yi kiɗan gida ne ya je ya dawo. Abzinawa kuwa suna da nasu sunaye. Suna cewa ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, ko asuf, wato kewa da begen gida, ko kuma su ce jita kawai. A wannan babi an zaɓi a ce jitar Agadas domin a keɓe salon Nijar daga na Kidal a Mali, ko da yake uwarsu ɗaya.

4.2 Abin da ya Bambanta Amon

Abu na farko da kunne yake kamawa shi ne amon gindi. Makaɗin Agadas yakan bugi tsirkiyar da ta fi kauri da babban yatsa ba ƙaƙƙautawa, amo ɗaya tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, yayin da manuniya take tsinkar siraran tsirkiyoyi tana fitar da rauji. Sau da yawa akan sake ɗaure babbar tsirkiyar domin ta dace da wannan aiki. Jita tana da tsirkiya shida, kuma Bature ya ƙera ta ne domin a danne uku ko huɗu a lokaci guda a samu haɗin amo, a tashi daga wannan haɗi a koma wancan. Ba'abzine ya karɓe ta ya mayar da ita tamkar mai tsirkiya biyu, ɗaya ta riƙe gindi, ɗaya ta yi magana. Wannan shi ne ainihin rabon aikin da ke tsakanin tsirkiyoyin garaya da na gurmi. Idan aka saurari gurmin Alhaji Haruna Uji na Haɗeja a waƙoƙinsa na soyayya, irin su Jummai da Balaraba, za a ji amo ɗaya yana tafe a ƙasa kamar tabarma, ɗaya kuma yana hawa yana sauka tare da murya. Mai nazari yana ganin wannan ita ce siffar da in aka cire ta, sauran duk sun rushe.

Daga nan sai gajartar kari. A kiɗan jitar Agadas ba a tafiya daga wani wuri zuwa wani, ana zagaye ne. Makaɗi yakan ƙirƙiri ɗan kari wanda bai fi numfashi ɗaya ba, ya yi ta maimaita shi, yana ƙara masa ado kaɗan-kaɗan ta hanyar danna yatsa da sakinsa da sauri a kan tsirkiya, har amon ya riƙa karkarwa. Wanda bai saba ba zai ce abu ɗaya ake ta yi, kamar yadda baƙo yakan ce wa kiɗan kalangu. Gwanintar tana cikin 'yan canje-canjen da ba sa ɓata zagayen. A nazarin waƙar baka, kamar yadda Gusau (1993) ya tsara shi, waƙa tana da gindi wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. A nan karin jita shi ne yake zaman gindin waƙa, kuma sau da yawa shi ne yake karɓa wa jagora a wurin da 'yan amshi za su karɓa. Ɗanmaraya Jos ya yi shekaru yana wannan da kuntiginsa: ya yi ɗa, ya yi shiru, tsirkiya ta amsa.

Matakan amon da ake hawa guda biyar ne, kamar yadda yake a mafi yawan waƙoƙin Hausa da na Zabarmawa da na Fulani, kuma a nan ne kamarsa da buluz ta fi fitowa. Sai dai akwai bambanci. Makaɗin Amurka yakan ja tsirkiya gefe da yatsa domin ya lanƙwasa amo ya yi kuka. Na Agadas bai cika yin haka ba, ya fi son kaɗa amon da saurin yatsu, abin da ya fi kama da yadda mai goge yake wasa da yatsunsa a kan izga. Ba abin mamaki ba ne, domin Abzinawa suna da nasu gogen mai suna imzad, wanda mata ne suke kaɗa shi, kuma shi ne kiɗan da suke ɗauka mafi daraja.

Ta fuskar bugu kuwa, tushen yana ga tende, wato turmin daka da mata suke rufe wa baki da fatar akuya su mayar da shi ganga a lokacin biki da wasan raƙuma, ana tafi ana guɗa. Bugun yana da wata irin tangaɗi, uku a kan biyu, wadda ake yawan kwatanta ta da tafiyar raƙumi. Kwatancen ya tsufa saboda yawan maimaitawa a bayan faifai, amma ba ƙarya ba ne. Akwai kuma takamba, kiɗan molon Abzinawa mai tsirkiya uku da ƙwarya, wanda aka fi sani a wajen Gao da Tumbuktu, shi ma ya shiga jita. Abin da Agadas ta ƙara, wanda ya raba ta da Kidal, shi ne sauri. Kiɗan Tinariwen na Mali yana tafiya a hankali, da nauyi, kamar na mutanen da ke zaune gefen wuta da dare. Na Agadas kiɗan biki ne, a fili, da janareta da lasifika wadda aka ƙure har tana tsatsa, da cikakkun gangunan Turawa, kuma yakan fara a tsanake ya yi ta ƙara wuta har masu rawa su gaji.

Wannan tsatsar lasifika ta cancanci a tsaya a kanta. Mai sauraro na waje yakan ɗauka rashin kayan aiki ne kawai, kuma lallai da farko akwai hakan. To amma kunnen ƙasar nan bai taɓa son amo tsantsa ba. Mai garaya yakan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sanda domin kowane bugu ya zo da kacau-kacau, ga kuma caki a gefe. Mai ganga yakan ɗaura zaga a kan fata domin ta yi ziza. Saboda haka lokacin da lantarki ya kawo tasa zizar, ta tarar da kunnen da ya riga ya shirya mata. Shi ya sa wasu faya-fayan da aka ɗauka a manyan situdiyo na Turai, inda aka wanke amon tas, sukan zama kamar miya ba daddawa ga wanda ya san na gida.

4.3 Fitattun Makaɗa

Ba a iya fahimtar waɗannan makaɗa sai an san halin da ya haife su. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin Abzinawa, samari suka watsu neman abinci, wasu zuwa Aljeriya da Libiya, wasu kudu zuwa Kano da Kaduna da Zariya inda suka kama aikin gadi. Cikin waɗanda suka yi arewa ne Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka haɗu a Tamanrasat wajen 1979, suka zama ƙungiyar Tinariwen, wadda waƙoƙinta suka riƙa yawo a kaset daga hannu zuwa hannu. Tawayen Abzinawan Nijar ya ɓarke bayan kashe-kashen Cintabaradan na watan Mayun 1990, ya ci gaba har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995.

Abdallah Oumbadougou shi ne uban jita a ɓangaren Nijar. Ya kafa ƙungiyar Takrist n'Akal a shekarun 1980, ya shiga tawaye, kuma a lokacin mallakar kaset ɗinsa kawai yana iya jawo wa mutum fitina. Idan aka auna shi da ma'aunin waƙar baka, makaɗin turke ne: faɗakarwa da kiran haɗin kai da begen ƙasa su ne a gaba, jita tana biye. Hannunsa ba shi da kwalliya da yawa, amma ba ya taɓa rufe magana. Bayan sulhu ya buɗe wuraren koyar da yara kiɗa, ya rasu a 2020. Mafi yawan waɗanda suka yi suna bayansa da waƙoƙinsa suka fara koyo.

Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, an haife shi a 1980. Shi ne ya fi kowa tsabtar yatsa a cikinsu. Karinsa gajere ne, mai daɗin riƙewa, muryarsa siririya ce, kuma ya san inda zai tsaya. Tawaye na biyu da ya fara a 2007 ya kore shi zuwa Burkina Faso, sa'an nan a farkon 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas. Faifansa Agadez na 2011 shi ne, a ganin mai nazari, ya fi nuna salon yankin yadda yake, domin an bar tafi da ƙwarya da amon gindi a sarari. Nomad na 2013, wanda Ba'amurke Dan Auerbach ya shirya, ya fi shi kasuwa, amma an cusa masa kayan kiɗan da suka cike gurbin da ya kamata a bari fayau. Deran na 2018 ya kai shi takarar Grammy, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan.

Mdou Moctar, mutumin yankin Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa, shi ne ya fi dacewa da wannan nazari saboda wani dalili da ba a cika ambata ba. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, a irin situdiyon da ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar inji da na'urar nan ta Auto-Tune mai sa murya ta yi kamar ta ƙarfe. Wato ke nan jitar Abzinawa ta sa rigar waƙar fiyano ta Hausa. Waƙoƙin ba su fita ta hannun wani kamfani ba, sun yaɗu ne daga waya zuwa waya, har ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011, daga nan duniya ta neme shi. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar burkin keke, abin da zai tuna wa mai karatu gwangwanin kifin da ake yin kuntigi da shi.

A faya-fayansa na baya, Afrique Victime (2021) da Funeral for Justice (2024), ya kai saurin Agadas da tsatsar lantarki maƙura. Babu shakka gwani ne, kuma turakunsa masu nauyi ne, domin yana magana a kan mulkin mallaka da yadda ake kwashe arzikin ƙasa irin yuraniyom na Arlit a bar masu ƙasa cikin duhu. Sai dai a nan ne mai nazari yake da ja. A al'adar kiɗan tsirkiya ta wannan yanki, kiɗa bawan magana ne. A wasu waƙoƙin Mdou Moctar na baya-bayan nan jita takan yi minti uku ko huɗu tana ihu ita kaɗai, magana ta zama 'yar rakiya. Wannan ya yi daidai da bukatar masu sauraron Amurka da Turai waɗanda ba sa jin harshen, kuma suka saba da irin su Jimi Hendrix, amma ya juyar da tsarin da aka gada. Amon gindi yana nan, zagayen yana nan, saboda haka ba a ce ya fita daga salon ba. Abin da ya ragu shi ne shirun da tsirkiya takan yi domin a ji abin da mawaƙi ya ce.

Wanda yake son jin kiɗan a mazauninsa sai ya nemi Etran de L'Aïr, ƙungiyar 'yan'uwa da ta fara a 1995 kuma ta yi shekaru tana kiɗan bukukuwan aure a unguwannin talakawan Agadas kafin faifanta na farko ya fita a 2018. Jita biyu ko uku sukan saƙa kari ɗaya a cikin ɗaya, ba wanda yake neman ya fi wani fitowa. Haka kuma Les Filles de Illighadad, ƙarƙashin Fatou Seidi Ghali, sun mayar da jita gun tende inda bugun ya samo asali, kuma sun karya al'adar da ta keɓe jita ga maza, alhali kuwa imzad da tende tun asali na mata ne.

4.4 Gurbin Makaɗan Hausa

Tambayar da ta rage ita ce, tun da hannun ɗaya ne, me ya hana makaɗan tsirkiya na Hausa su ɗauki jita kamar yadda Abzinawa suka yi? Zariya wuri ne mai kyau na duba wannan, domin a nan David Ames ya yi bincikensa a shekarun 1960, wanda ya haifar da Glossary of Hausa Music and its Social Contexts da suka wallafa shi da Anthony King a 1971, kuma garin yana da kunne uku. A Birni akwai tambari da kakaki da algaita na fadar Zazzau. A Sabon Gari, ƙetaren Kubanni, inda jirgin ƙasa ya tara mutanen kudu, a nan jita ta sauka, cikin otal-otal da kiɗan hailaif. Tudun Wada kuwa, wadda Turawa suka keɓe wa baƙin arewa a wajen Ƙofar Doka, ita da ire-irenta su ne mazaunin goge da kukuma da garaya. Jita ta zo wa Bahaushe a matsayin kayan wasu, na coci da na gidan giya, ga shi kuma goge da kukuma da ma suna fama da irin wannan zargi daga malamai. Makaɗin da yake neman a rage masa suna ɗan iska ba zai ƙara wa kansa wani kayan da zai tabbatar da sunan ba.

Ban da haka, kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce mai gado da iyayen gida, kuma mai kukuma irin Garba Supa ko Ahmadu Doka ko Hassan Wayam, wanda ya zauna a Zariya har rasuwarsa a 2020, yana da masu yi masa kari saboda kukumar da suka san shi da ita. Ba shi da dalilin sauya ta. Samarin Abzinawa kuwa ba maroƙa ba ne, ba su gaji kiɗa ba, kuma a wurinsu jita ta zama hanyar kauce wa ƙa'idar da ta keɓe molo ga maƙera, imzad ga mata. Baƙuncin jitar shi ne ya ba su 'yanci, shi ne kuma ya nisanta ta daga Bahaushe.

An sami waɗanda suka gwada. Bala Miller (1928 zuwa 2003), wanda mahaifinsa limamin Kirista ne Bahaushen Zariya, ya yi waƙoƙin Hausa irin su Ikon Allah da cikakkiyar ƙungiyar jita da ƙahoni, amma zubinsa na hailaif ne, jita tana zagaya haɗin amo irin na bakin teku. A Maraɗi, Sa'adu Bori ya ɗora waƙoƙin da ya tsamo daga bori a kan jita da gangunan zamani, kamar yadda ake ji a faifan Niamey Twice da suka yi da Moussa Poussy a 1994, kuma shi ne ya fi kusa da abin da ake magana a kai, sai dai ya rasu a 2008 ba tare da salon ya yi rassa ba. Malam Mamman Barka, Batube ɗan Tesker wanda ya yi waƙa da Hausa da gurmi mai tsirkiya biyu, ya bi wata hanyar dabam: a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram na Buduma mai tsirkiya biyar daga hannun Boukar Tar, ya kai shi Turai, ya rasu a Yamai a 2018. Da zamanin finafinan bidiyo ya zo a shekarun 1990, samarin Kano suka tsallake jita gaba ɗaya suka faɗa kan fiyano, wanda yake kwaikwayon kowane irin amo ba tare da an koyi tsirkiya ba.

Saboda haka in ana neman wanda ya fi cika siffofin da Oliver da Kubik suka lissafa a ƙasar Hausa, ba a wajen masu jita za a same shi ba. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ne, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015. Makaɗin kaɗaita ne, ba mataimaki ba 'yan amshi, da tsirkiya ɗaya a kan gwangwani. Ya yi wa karen mota, ya yi maganar mai akwai da mai babu, da auren dole, da gulma, wato irin mutanen da irin damuwar da buluz ya ginu a kansu a gonakin auduga. Kuntigi ba shi da tsirkiya ta biyu da za ta riƙe gindi, saboda haka yakan riƙa komawa ga amon tsirkiya a sake tsakanin kowane motsi na yatsa, har kunne ya ji kamar abu biyu ne suke tafiya. Raujin kuma yana bin karin sautin Hausa, sama da ƙasa da faɗau, ta yadda wanda ya san waƙar zai iya jin kalmomin a bakin tsirkiya ko da mawaƙin ya yi shiru. Tamashek ba harshe ne mai karin sauti ba, don haka wannan gwaninta ɗaya ce da jitar Agadas ba ta da hanyar yin ta, kuma tun rasuwar Ɗanmaraya ba a ji wani mai kuntigi da ya kai inda ya kai da ita ba.